Turke, tafarnuwa da harsashin azurfa: ina mafarautan bamfaya suka samo kayan yaƙinsu?

A shekarar 2012 gidan adana makamai na masarautar Ingila da ke birnin Leeds, wato Royal Armouries, ya sayi wani ƙaramin akwatin katako a gwanjo kan fam 7,500. A cikinsa akwai 'yar bindiga, da gicciye, da carbin Kirista, da guduma, da turaku huɗu masu tsini, da littafin addu'o'in coci, da kwalaben ruwan tsarki. Akwatuna irin wannan suna da dama a hannun masu tara kayan tarihi, kuma kusan labari ɗaya ake bi da su: wai a ƙarni na 19 ake sayar wa matafiya masu nufar gabashin Turai, don su kare kansu daga bamfaya, gawar nan da ake cewa tana fitowa daga kabari da dare ta sha jinin masu rai. Wasu ma har da takarda manne a murfi, ɗauke da sunan wani Farfesa Ernst Blomberg, wanda aka ce shi ya tsara kayan.

Jonathan Ferguson, mai kula da sashen bindigogi a gidan, ya bi diddigin maganar. Bai samu tallan jarida ko littafin matafiyi na ƙarni na 19 da ya ambaci irin wannan akwati ba, bai kuma samu shaidar cewa an taɓa yin wani farfesa mai wannan suna da wannan sana'a ba. Bindigar tsohuwa ce, littafin tsoho ne, amma haɗa su wuri guda aikin rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ne, bayan finafinai sun gama koya wa mutane abin da ya kamata mafarauci ya riƙe. Gidan adana makaman ya san da haka kafin ya biya kuɗin. Ya saya ne a matsayin shaidar yadda almara ke ƙera wa kanta tarihi.

Akwatin yana da amfani ga mai son fahimtar wani abu da ke maimaituwa a kusan duk labarin mafarautan dodanni. Tsohon mafarauci ya zaunar da sabon shiga, ya ce masa ya manta da abin da ya ji a gari: tafarnuwa ba ta komai, gicciye ba ya komai, ga ainihin sirrin da muka gada daga magabata. A wani labarin sirrin shi ne sare kai, a wani hasken rana, a wani azurfa. Kowanne yana iƙirarin cewa nasa ne na asali. Gaskiyar ita ce babu wani kundi guda na asali. Kayan yaƙin nan sun taru ne daga ƙarnoni daban-daban, daga hannun mutanen da ba su san juna ba, kuma mafi tsufa a cikinsu ba don yaƙi aka yi shi ba sam.

A fara da turke. A 1718, bayan yarjejeniyar Passarowitz, Ostiriya ta karɓi arewacin Sabiya daga hannun Daular Usmaniyya. Jami'ai da likitocin soja masu jin Jamusanci suka tsinci kansu cikin ƙauyukan da ke da wata al'ada da ba su saba gani ba, kuma da yake aikinsu rubuta rahoto ne, sai suka rubuta. A 1725, a ƙauyen Kisiljevo, wani manomi mai suna Petar Blagojević ya rasu. Bayan makonni goma, cikin kwana takwas mutum tara suka mutu, kuma an ce kowannensu ya faɗa a kan gadon mutuwa cewa Petar ne ke zuwa masa cikin barci ya danne shi ya shaƙe shi. A lura, shaƙewa suka ce, ba cizon wuya ba. Matarsa ma ta ce ya zo gida neman takalmansa. Jami'in gwamnati na yankin, Frombald, ya so a jira izini daga Belgrade, mutanen ƙauye suka ce kafin izini ya iso babu wanda zai rage, ko a tone kabarin ko su yi ƙaura. Ya bi su tare da limamin coci. Ya rubuta cewa gawar ba ta wari, gemu da farata sun ƙaru, tsohuwar fata ta saɓule sabuwa ta bayyana, ga jini a baki. Aka kafa mata turke a ƙirji, aka ƙone ta. Wata jaridar Biyenna ta buga rahoton a watan Yulin wannan shekara.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na ƙauyen Medveđa. Wani tsohon sojan sa-kai, Arnold Paole, ya faɗo daga kan amalanken ciyawa ya karye wuya. Yana da rai ya sha ba da labarin cewa bamfaya ya taɓa damun sa a wajen Kosovo, kuma ya yi maganin abin ta hanyar cin ƙasar kabarin da shafa jinin gawar a jikinsa. Abin dariya da ban tausayi shi ne, a wurin mutanen ƙauyen maganin ne ya tabbatar musu shi ma ya harbu. Mutum huɗu suka mutu, aka tone shi bayan kwana 40, aka soke shi, shaidu suka ce sun ji ya yi nishi. A ƙarshen 1731 mutuwa ta dawo, mutum 17 cikin wata uku. Aka turo likitan soja Johannes Flückinger a Janairun 1732. Ya fede gawarwaki, ya raba waɗanda suka ruɓe da waɗanda ba su ruɓe ba. Na farko aka mayar da su kabari, na biyu aka sare musu kai aka ƙone, aka zuba tokar a kogin Morava. Rahotonsa ya bazu a Turai, kuma a wannan shekarar kalmar ta shiga harshen Ingilishi.

Akwai wani wuri a rahoton da ya fi sauran bayyana abin da ke faruwa. Wata tsohuwa mai suna Milica, 'yar kimanin shekara 60, an same ta a kabari ta yi ɓul-ɓul. Maƙwabtanta suka yi ta mamaki, suka ce tun ƙuruciya suka san ta siririya ce busasshiya, ba ta taɓa yin ƙiba ba sai a kabari. A wurinsu hujja ta kammala: wanda ya yi ƙiba bayan mutuwa yana cin wani abu. Duk likitan da ke binciken gawa a yau zai ce wannan kumburi ne. Ƙwayoyin cutar da ke cikin hanji suna ci gaba da aiki bayan mutuwa, suna fitar da iska, ciki ya cika, fuska ta yi jawur. Iskar ce ke tura wani ruwa mai kalar jini ya fito ta hanci da baki. Fata tana bushewa ta ja baya, sai a ga kamar farata da gemu sun yi tsawo. Idan aka buga turke a ƙirjin da ya cika da iska, iskar za ta bi ta maƙogwaro ta fita da sauti, nishin Paole ke nan. Ƙasa kuma tana jinkirta ruɓewa ƙwarai. Likitan nan na Berlin, Johann Ludwig Casper, ya ƙiyasta a ƙarni na 19 cewa abin da gawa za ta yi cikin mako ɗaya a sarari sai ta ɗauki mako takwas a binne, ga kuma sanyin hunturun Balkan, yankin da Sabiya take, a kai. Masanin Amurka Paul Barber ya tattara wannan bayani a 1988, kuma abin da ya nuna shi ne manoman ba ƙarya suka yi ba. Abin da suka ce sun gani, sun gan shi. Fassarar ce ta karkace, domin ba wanda ya saba buɗe kabari bayan wata biyu balle ya san yadda gawar kowa take a wannan lokaci.

Daga nan ake gane aikin turke. Turke ne kamar na ɗaure akuya a tsakar gida: manufarsa hana tafiya. Ana kafe gawar da ƙasa ne don kada ta tashi. Shi ya sa a wasu wurare a ciki ake bugawa ba a zuciya ba, a wasu a kifa gawar, a wasu a yanke jijiyoyin ƙafa. A Sozopol na Bulgeriya an haƙo ƙasusuwa a 2012 da ƙarfe soke a ƙirji. A ƙauyen Pień na Foland an haƙo wata mace ta ƙarni na 17 a 2022 da lauje gicciye a wuyanta da kwaɗo a babban yatsan ƙafa. Wasu kan watsa gero ko wasu ƙananan iri a kabari, wai mamacin ya shagala da ƙirga har gari ya waye. Sabiyawa sun fi son itacen ƙaya da suke kira glog, wasu yankunan suna da nasu zaɓin. Duka dabarun ɗaurewa ne da jinkirtawa, ana yin su da rana tsaka a kan abin da ba ya motsi. Jarumin da ke tsalle da turke a hannu yana kokawa da bamfaya cikin duhu bai taɓa zama a ƙauyen Balkan ba.

Amma an yi masu sana'ar, kuma labarinsu ya fi na fim daɗi. A tsakanin Albaniyawa da 'yan ƙabilar Roma na Balkan akwai imani cewa ɗan da bamfaya ya haifa da matarsa ta duniya, wanda ake kira dhampir, shi ke iya ganin abin da sauran mutane ba sa gani. A Bulgeriya da maƙwabtanta ana cewa wanda aka haifa ranar Asabar yana da wannan baiwa. A nan ne dabarar take: dodon ba a ganin sa, mai magani ne kaɗai ke gani, shi zai yi kokawar a gaban jama'a, shi zai ce an yi nasara, shi zai karɓi lada. Babu wanda zai iya ƙaryata shi.

Fitaccen misali ya fito daga jaridar gwamnatin Usmaniyya, Takvim-i Vekayi, a 1833. Alƙalin Tırnova, garin da ke Bulgeriya a yau, ya rubuto cewa wani abu marar ganuwa ya addabi gari, yana cakuɗa gari da man shanu da zuma da ƙasa, yana yaga matasan kai, yana jifan mutane. Babu maganar shan jini ma. Aka ɗauko wani gwani mai suna Nikola kan kurush 800. Ya shiga makabarta da wani allo mai hoto yana juya shi a kan yatsa, inda ya nuna nan ne kabarin. Kaburbura biyun da ya nuna na tsofaffin sojojin Janisari ne. Aka soke su, aka zuba tafasasshen ruwa, daga baya aka ƙone su. Sai a tuna cewa Sarkin Musulmi Mahmud na Biyu ya rushe rundunar Janisari da ƙarfin tsiya a 1826, shekara bakwai kacal kafin nan. Masana tarihi da yawa suna karanta rahoton a matsayin farfaganda: waɗannan mutane ba su bar talaka ya huta suna raye ba, ga shi sun mutu ma ba su bari ba. Yatsan Nikola ya san inda ya kamata ya nuna.

Wannan ya kawo tambayar wa ake zarga. Bamfaya ba maye ba ne a yadda muka san maye, domin maye rayayye ne yana zaune cikin mutane, shi kuwa wannan ya riga ya mutu. Bambancin yana da nauyi. Masanin tarihi ɗan ƙasar Hungari, Gábor Klaniczay, ya lura cewa tashin maganar bamfaya a daular Habsburg, wato masu mulkin Ostiriya, ya zo daidai da lokacin da shari'ar mayu ke ja da baya. Idan annoba ta shiga ƙauye dole a nemi mai laifi, kuma gawa ba ta da bakin kare kanta, ba ta kuma jin zafin wuta. Ba na cewa tone kabari abu ne mai sauƙi ga iyalan mamaci. Amma idan aka kwatanta da ƙone tsohuwa da ranta, an samu sauƙi. Sarauniya Maria Theresa ba ta yarda da ko ɗaya ba. A 1755, bayan wani tone-tone a yankin Moravia, likitanta Gerard van Swieten ya rubuta cewa jahilci ne da rashin sanin yadda gawa ke ruɓewa, ita kuma ta hana a taɓa kabari kan wannan zargi ba tare da hukuma ba.

Daga nan labarin ya bar hannun manoma ya koma hannun marubuta, kuma suka canza kusan komai. Bamfayan ƙauye kumburarren manomi ne cikin likkafani, yana damun matarsa da 'ya'yansa da maƙwabta. Na littafi siririn basarake ne, fari fat, mai gidan sarauta da dukiya. Tunda dodon ya samu sarauta, dole mafarauci ya samu digiri. A littafin Dracula na 1897, Bram Stoker ya kawo Farfesa Abraham Van Helsing daga Amsterdam, likita kuma masani, wanda shi ne kakan duk mafarautan da suka biyo baya. Stoker ɗan Ireland ne, bai taɓa taka Transylvania ba, yankin da ke Romaniya a yau inda ya ajiye gidan bamfayansa. Ya karanta maƙalar Emily Gerard ta 1885 kan camfe-camfen yankin, inda ya samo sare kai da cusa tafarnuwa a baki. Tafarnuwar dai tana da asali na gaske, domin a ƙauyukan Romaniya ana shafa ta a ƙofofi da tagogi a daren bikin Saint Andrew, ƙarshen Nuwamba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a littafin nan bamfayan, wato Dirakula, yana yawo a titin Landan da rana. Rana tana rage masa ƙarfi, ba ta kashe shi. Kuma ba turke ne ya kashe shi ba, wuƙaƙe biyu ne, ɗaya a wuya ɗaya a zuciya. Mutuwa da hasken rana, wadda yau ake ɗauka ita ce doka ta farko, ta samu gindin zama ne daga fim ɗin Jamus na 1922, Nosferatu, wanda aka kwaikwayi littafin ba da izini ba. Matar Stoker ta kai ƙara, kotun Jamus ta ba da umarni a 1925 a lalata kwafin fim ɗin, wasu kwafi suka tsira. Da umarnin ya cika, wataƙila da bamfayan yau yana shan hantsi lafiya lau. A 1958 kamfanin finafinai na Hammer da ke Ingila ya ƙarasa aikin, inda Van Helsing, a hannun ɗan wasa Peter Cushing, ya yi tsalle ya fizgo labule rana ta shigo, ya haɗa sandunan kyandir biyu ya yi gicciye. Daga ranar farfesa ya zama ɗan dambe.

Azurfa kuwa aro ce. Gidanta na asali labarin mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci, kuma finafinan Amurka na shekarun 1940 ne suka yaɗa ta. Van Helsing na littafi harsashi mai tsarki ya ambata, bai ce na azurfa ba.

To me ya sa kowane sabon labari yake buƙatar tsohon mafaraucin da zai ce sauran duk ƙarya ne? Ni a ganina lissafi ne na mai ba da labari. Bayan shekaru kusan 300 ana tara magunguna, dodon ya zama abin tausayi: ba ya fita da rana, ba ya shiga gida sai an gayyace shi, ba ya tsallake ruwa mai gudu, ba ya jure warin kayan miya, yana tsayawa ƙirga gero. Wa zai ji tsoron wannan? Dole marubuci ya zubar da mafi yawansu ya bar ɗaya ko biyu, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ya sa wani mai furfura da tabo a fuska ya kira sauran ji-ta-ji-ta. Akwai riba ta biyu. Da zarar mafarauci ya ƙaryata abin da mai kallo ya sani, mai kallo sai ya ji an shigar da shi cikin masu sirri, ya yarda da abin da ya biyo baya ba gardama. Dabarar dhampir ce a sabuwar riga: ni kaɗai nake gani.

Wani lokaci kuma almarar takan fito daga majigi ta shiga titi. A daren Juma'a 13 ga Maris 1970, bayan wani shirin talabijin kan bamfayan da aka ce yana makabartar Highgate a arewacin Landan, inda kabarin Karl Marx yake, cincirindon mutane suka haura katanga duk da 'yan sanda. A watannin da suka biyo baya an fasa kaburbura, an wulaƙanta gawarwaki, an kama wani da gicciye da turke a hannu. Waɗannan ba su gaji komai daga kakanni ba. Daga sinima suka koyo, ba kuma wanda ke mutuwa a gidajensu.

A inda mutane ke mutuwa da gaske, kayan aikin ba su taɓa canzawa ba: shebur, wuƙa, wuta, da kofin ruwa. A garin Exeter na jihar Rhode Island a Amurka, tarin fuka ya kashe matar wani manomi, George Brown, da babbar 'yarsa, sannan a Janairun 1892 ya kashe Mercy, 'yar shekara 19. Ɗansa Edwin yana kwance. Maƙwabta suka matsa, a watan Maris aka tone gawarwakin uku. Biyun farko sun daɗe da ruɓewa. Mercy, da ta yi wata biyu cikin tsananin sanyi, tana nan da jini a zuciya. Likitan da ke wurin ya ce wannan ba abin mamaki ba ne, ba a saurare shi ba. Aka ƙone zuciyar da hanta, aka jiƙa tokar aka ba Edwin. Ya rasu cikin wata biyu. Lokacin shekara goma ke nan da Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tarin fuka, amma gano ƙwaya daban, samun magani daban, kuma maganin bai zo ba sai a shekarun 1940. Tarin fuka yana bin gida ɗaya bayan ɗaya, yana rame mutum a hankali, yana sa shi tofar da jini. Wanda ya ga haka a gidansa ba ya buƙatar fim kafin ya yi zargin cewa wadda ta riga su tafiya ce ke jan sauran.

Irin wannan magani ba ya faɗuwa a idon masu yin sa. In mara lafiya ya mutu, an makara ne ko an tone kabarin da ba shi ba. In ya tashi, magani ya ci. A farkon 2004, a ƙauyen Marotinu de Sus da ke kudancin Romaniya, wasu maza shida suka tone wani dattijo ɗan uwansu da ya rasu 'yan makonni kafin nan, suka ciro zuciyarsa suka ƙone, suka ba wata mara lafiya a dangin ruwan tokar. 'Yar mamacin ta kai ƙara, kotu ta yanke musu wata shida-shida kan wulaƙanta kabari. Mutanen ƙauyen da suka yi magana da 'yan jarida sun ce ba su ga laifin da aka yi ba, tunda haka iyayensu suka saba yi, kuma matar ta warke.